Gurbi a Ƙamus ɗin Lok Kru Samrit

Kowace safiya, kafin ya sauko da ƙafa daga gado, Lok Kru Samrit yakan ɗora bayan hannunsa a goshi, ya yi tsit kamar mai sauraron takun wani daga nesa. In ya ji goshin da sanyi, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Yau ma babu."

Matarsa Yay Sim tana can ƙarƙashin gida tana hura wuta, da yake gidan a kan dirkoki yake, amma daɓen katako ba ya riƙe sirri. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Tsoho, an tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau," in ji shi, da muryar wanda aka yi wa sata.

"Sai haƙuri. Wataƙila gobe a dace."

A duk ƙauyen nan na bakin kogin Sangke, shi kaɗai ne ke jiran zazzaɓi yadda manomi ke jiran ruwan fari. Ba wai ciwo ke masa daɗi ba. Aiki ne ya tsaya masa, aikin kuma ba ya tafiya sai da ciwo.

Malamin makaranta ne tun yana saurayi, shi ya sa har ya tsufa ba a kiransa sai da Lok Kru, wato Malam. Faransanci ya fara sani. Turancin Ingilishi daga baya ya tsince shi, a bakin rediyo da wani tsohon ƙamus marar bango, lokacin da baƙi masu fararen motoci suka cika birnin Battambang, kowa na cigiyar tafinta. Shekara uku ya yi a wani ƙaramin asibiti yana kai magana yana kawowa tsakanin likitoci baƙi da masu ciwon ciki. Da baƙin suka naɗe kayansu, sai ya sayo littattafan rubutu da fensir, ya ce zai rubuta ƙamus daga Turanci zuwa Khmer, harshen ƙasarsu, irin wanda ɗan ƙauye zai buɗe ya gane.

Doka ɗaya ya kafa wa kansa. Kowace kalma sai ya sa mata jimlar misali, jimlar kuma sai ta kasance gaskiya, abin da ya gani da idonsa. Da ya zo kan kalmar tururuwa, ya rubuta cewa tururuwa ta shiga sukarin Yay Sim, ta kuwa shiga. Da ya zo kan kwale-kwale, ya rubuta cewa kwale-kwalen maƙwabcinsu yana yoyo. Maƙwabcin ya yi wata biyu ba ya gaishe shi, amma bai taɓa cewa ƙarya aka yi masa ba. Saboda kalmar kada kuwa, sai da ya hau mota zuwa inda ake kiwon kadoji, ya tsaya daga nesa ya tabbatar suna da haƙora.

In an ce masa ya cika wahalar da kansa, sai ya ce, "Yara za su haddace. Ba a ba yaro ƙarya ya haddace." Iyakar abin da yake faɗa ke nan. Tsofaffin garin dai sun san cewa a shekarun can da ba a cika zancensu ba, lokacin da ake kashe masu ilimi, da aka jera mutane aka ce kowa ya faɗi sana'arsa, malamin ya ce shi mai kiwon agwagwa ne, bai iya karatu ba, ya dangwala yatsa a takarda. Takardar ta cece shi. Shi dai bai yafe mata ba.

A shekara ta huɗu ya iso dab da ƙarshen harafi na uku, ya tarar da wata 'yar kalma mai harufa huɗu wadda likitocin nan ba sa rabo da ita. Ita ce kalmarsu ta warkarwa, ita ce kuma ta magani. Ma'anonin ba su ba shi wuya ba. Ya rubuta piyabal, wato jinya. Ya rubuta tnam, wato magani. Ya rubuta ciya, wato mutum ya miƙe garau. Kafin shayinsa ya huce ya gama. Sai jimlar misali. Tsohon ƙamus ɗinsa ya ce, "Wannan magani ya warkar da ni."

"Wanne?" in ji Lok Kru, shi kaɗai.

Ya ajiye fensir ya shiga tunani. Ya sha kwanciya a rayuwarsa, ya kuma sha tashi. Amma da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga bai taɓa yin ciwon da aka ba shi magani guda ba. A garin nan ba a yi wa marar lafiya rowa. Sai ya jera ɗige-ɗige bakwai a kan layi, ya bi su da, "ne ya warkar da ni." Ya ce da zarar zazzaɓi ya zo, zai gwada magani ɗaya tak, ya ga abin da zai faru, ya cike gurbin, ya wuce kalma ta gaba. A lissafinsa aikin mako guda ne.

Daminar shekarar goshi ya yi zafi. Ya leƙo ta kan tsani fuska cike da fara'a, haƙora na kaɗawa. "Yay! An samu!"

"An samu me?"

"Zazzaɓi. Mai kyau kuwa. Saurara ki ji, magani ɗaya za a yi mini. Naki. Kada kowa ya ji."

Yay Sim ba ta da na biyu a kankarar iska. In iska ta shiga jikin mutum ta kawo masa zafi da ciwon gaɓoɓi, sai ta shafa masa man zafi a baya, ta ɗauki kwandala ta yi ta karta daga ƙashin baya zuwa haƙarƙari, layi bayan layi, har fata ta yi ja. In ta yi jawur, iska ta fita. Kwandalarta ta azurfa ce, ta zamanin Faransawa, gefenta ya suɗe sumul. A shekarun da kuɗi ya daina sayen komai, wannan kaɗai ta ɗinke a bakin zane.

Ta kwantar da shi rubda ciki a kan gadon gora ta fara aiki. Abin da malamin bai sa a lissafi ba shi ne, ba a kankare mutum a ɓoye. Layi na farko ya cije leɓe. Na biyu ya yi nishi. A na uku ya saki ƙarar da ta tashi kaji.

Ba a jima ba sai ga Kuon mai saiwoyi ya ratso ta shinge da buta tana tururi. Maƙwabci ne, ya girmi malamin da shekara biyar, shi ya sa malamin ke kiransa Bong, wato yaya, kuma tun suna yara bai bar shi ya manta da hakan ba.

"Wa ake yankawa?" in ji Kuon.

"Bong, don girmanka koma da butar nan. Gwaji nake yi."

"Gwajin me? Ai wannan ba magani ba ne, shayi ne. Babban yayanka ya tako da ƙafarsa ya kawo maka shayi, ka ce ya koma da shi? Haka kake koya wa yara a makarantar?"

Malamin ya karɓa da hannu biyu ya sha. Ɗacin ya kai masa har kunne.

Kafin rana ta take, labari ya isa kasuwa, sai ga ƙarar babur. Ce Lang ce, mai kyamis, da jakar ƙarin ruwa a rataye a hannu. Ba ta yi shawara da kowa ba ta maƙala jakar a ƙusar da ke jikin dirkar gida, ta kamo hannunsa tana laluben jijiya.

"Ce Lang, tsaya, magani ɗaya na ce!"

"Wa ya ce maka magani ne, Lok Kru? Ruwa ne. Ƙarfi yake sawa. Maganin ga shi nan a leda, ja biyu, fari ɗaya, rawaya in ka ci abinci. Su ma ba wasu masu yawa ba ne."

Washegari da hantsi Yay Sim ta ɗaura masa zane ta tasa shi gaba zuwa haikali, inda Lok Ta, tsohon malamin zuhudu mai mayafi ruwan goro, yake zuba wa marasa lafiya ruwan addu'a. Lok Kru ya tirje a bakin ƙofa.

"Wanka ne, tsoho," in ji ta. "Kwana biyu ba ka yi ba. Ko shi ma ƙamus ya hana?"

Ya durƙusa a gindin matakala, aka juye masa bokiti uku a ka.

Rana ta huɗu ya miƙe garau, ya cinye kwano biyu na kunun shinkafa da busasshen kifi. Da yamma sai ga Kuon da Ce Lang sun zo dubiya, kowa na satar kallon littafin da ke kan tabarma.

"Ka rubuta saiwa," in ji Kuon. "Ba sai ka sa sunana ba. In kuma ka sa, ba zan hana ka ba."

"Bong, ba kai ka ce shayi ne ba?"

"Shayin da ya tashe ka."

"Haba Kawu Kuon," in ji Ce Lang, "tafasasshen itacen nan? Ni na ga lokacin da idonsa ya buɗe. Jaka na kai rabi ya fara surutu."

"Mutumin da na fitar wa iska tun ranar farko," in ji Yay Sim, ba ta ko ɗago daga tsince shinkafa ba. "Ku gawa kuka zo kuka tarar, ko wanda na riga na gyara?"

Mutum ɗaya ne bai nemi gurbin ba. Malamin ya je ya same shi, ya zauna ya lanƙwashe ƙafafu gefe guda, ya haɗa tafin hannu.

"Lok Ta, ruwan nan yana warkarwa?"

Tsohon ya daɗe yana tauna goron bakinsa. "Yana jiƙa mutum."

"Shi ke nan?"

"Iyakar abin da na gani ke nan. Wanda ya warke yakan dawo mana da ayaba. Wanda bai warke ba, shi ma nan ake kawo gawarsa."

Malamin ya koma gida yana jin ya sami ɗan'uwa a sana'a, amma gurbi na nan.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Babbar matsalar ita ce Lok Kru mutum ne mai ƙashin lafiya. Sai a yi shekara, wani lokaci biyu, ko atishawa bai yi ba. Ya gwada tsayawa cikin ruwan sama ba hula, ya dawo da yunwa kawai. Ya gwada zama kusa da masu mura a gidan biki, su suka warke. In kuma an yi sa'a ciwon ya zo, to kafin ya buɗe baki ya kafa doka, buta na kan wuta, babur na kan hanya. Ba zai tsallake kalmar ya wuce ba, don a ganinsa ƙamus kamar tsanin gida ne, ba a barin rami a tsakiya.

A shekara ta tara da tsayawarsa a kan kalmar, ya yi dabara. Tun da rani ya je wata kasuwa mai nisa ya sayo ƙwayoyi a leda ya ɓoye a cikin rufi. Da kaka ta gabato, wata safiya ya ji goshi ya ɗau zafi, sai ya ɗaga murya ya ce, "Yau ma babu." Ya lallashi zuciyarsa da cewa ƙaryar baki ce, ba ta rubutu ba. Ya sauko yana takawa a hankali ya ce zai je bukkar gona ya yi kwana uku yana korar tsuntsaye daga shinkafa.

Yay Sim ta dube shi sau ɗaya. Shekara arba'in da aure bai taɓa korar ko fara ba. Ta ɗaure masa shinkafa a ganyen ayaba, da busasshen kifi, da filas na shayi, da gorar ruwa.

Rana ta uku ya dawo yana tafe yana 'yar waƙa. Ya hau sama ya ɗauko littafi, ya zauna ya feƙe fensir da reza.

"Yay, zo ki ga ranar da aka daɗe ana jira. Zazzaɓi na yi a gona. Ƙwaya kaɗai na sha, ga ni garau."

"Madalla," in ji ta, tana yanka gwanda. "Shayin bai yi maka ɗaci ba?"

Reza ta tsaya.

"Na ce wa Bong Kuon ya rage, ya ce in an rage ba ya aiki. Da me ka haɗiye ƙwayar?"

"Da ruwan gora."

"To. Lok Ta ya ce a gaishe ka."

Malamin ya yi ta maza. "Ko ma dai mene ne, kwandalarki ba ta taɓa ni ba."

Ta ajiye wuƙa, ta zagayo ta bayansa ta ɗaga rigar. Bayan nan ja-ja ne tun daga wuya har ƙugu.

"Wannan zanen fa, damisa?"

Ya sunkuyar da kai. Matan da ke aiki a gonar kusa ne suka ji tarinsa a rana ta biyu, suka zo su uku, biyu suka danne, ɗaya ta karta. Ya yi niyyar kada ya sa wannan a lissafi, tunda da cokali aka yi.

"Ni na aika musu su leƙa ka," in ji Yay Sim. "Amma ban ce su ɓata mini baya ba. Dubi layi kamar sawun kaguwa. Wace mai karkataccen hannu ce?"

Ta ɗauko man zafi ta sake aikin daga farko, yana ihu yana cewa ya warke.

Lokacin da wayoyi suka cika gari, Ce Lang ta kawo masa tata. Ta ce, "Lok Kru, huta. Duk ƙamus ɗin duniya yana cikin nan." Ta danna kalmar, ma'anoni suka zubo kafin ƙiftawar ido, har da jimlolin misali. Ya gyara tabarau ya karanta har ƙasa. Ma'anonin daidai suke da nasa, wannan ya ɗan sosa masa rai. Ya miƙa mata abarta.

"Ta taɓa yin zazzaɓi?"

"Wa?"

"Wayar."

"A'a."

"To a ina ta ji?"

A shekara ta goma sha shida ta wannan jira, wata safiya ya ce "Yau ma babu," bai ji an amsa daga ƙasa ba. Babu hayaƙi, babu ƙarar tukunya. Ya juya ya ga Yay Sim kwance a inda take, ta ja zane har wuya. Ya taɓa ta, jikin kamar murhu.

Ta buɗe ido da kyar. "Baƙon da kake jira ya zo. Ya yi ɓatan kai ya shigo ta ƙofata."

"Bari in kira Bong."

"Zauna." Ta riƙe masa bakin zane. "Kai ba ka iya ciwo ba, da an taɓa ka gari ya ji. Ni zan yi shiru. Zaɓi ɗaya ka ba ni, ka zauna ka duba. Na gaji da share ƙurar littafin da bai wuce harafi uku ba. Ka gama shi muna da rai."

Malamin ya tsaya. Shekara goma sha shida bai sami irin wannan ba: ciwo sosai, marar lafiya mai haƙuri, kuma wadda ke tara masa jama'a ita ce a kwance. Ya ce, "Kin tabbata?" Ta ce, "Kafin in canja." Ya ɗauko ƙwayoyi ya ba ta da ruwan tulu, wanda ya ɗebo da hannunsa ya shinshina. Ya ja ƙofa. Ya zauna a gefenta da littafi a cinya da agogo a hannu.

Da hantsi ya rubuta a gefen takarda cewa zafi na nan. Rana ta ɗaga, ya rubuta cewa zafi ya ƙaru. Kuon ya yi kira ta shinge yana tambayar ko lafiya bai ga hayaƙi ba, malamin ya ce ƙalau, yau shinkafar jiya za su ci. Yay Sim ta cika alkawari, ko nishi ba ta yi.

Da rana ta take sai ta fara magana ƙasa-ƙasa. Ya kai kunne. Ba da shi take ba. Wani suna take kira, tana cewa ya buɗe baki ya sha, ɗan kaɗan ne. Sunan ɗansu na fari ne, wanda ya rasu a shekarun can, an yi shekara arba'in ba a ambace shi a gidan ba. Lokacin da yaron ya kwanta, magani iri ɗaya ne a duk yankin, ana ba mai ciwon kai, ana ba mai gudawa, shi ma a suna kawai yake magani.

Lok Kru ya rufe littafin.

Mutanen da ke zaune a bakin hanya ranar sun daɗe suna ba da labari. Dattijo mai shekara saba'in da takwas, wanda ko kare ya biyo shi sai ya gyara riga kafin ya ɗaga ƙafa, ya fito a guje ba takalmi. Ya daki shingen Kuon yana cewa, "Bong, buta! Kada ka rage komai!" Ya wuce kasuwa ya janyo Ce Lang tana tsakiyar ciniki. Ya faɗa haikali yana haki, ya manta da durƙuso, Lok Ta ya dube shi ya ɗauki bokiti da kansa. A hanyar dawowa ya ga wata tsohuwa da ke sayar da layu na zare, wadda shekara da shekaru yake kira maƙaryaciya, ya sayi biyu.

Ya riga kowa isowa gida. Ya kwance kwandalar daga bakin zanenta, ya juya ta, ya shafa man zafi, ya fara karta. Bai taɓa yi ba. A layi na huɗu sai ya ji murya daga cikin matashi.

"Wane ne wannan yake shafa ni kamar kyanwa?"

"Ni ne, Yay."

"Danna. Daga tsakiya zuwa gefe. Shekara hamsin ana yi maka, ba ka koyi komai ba?"

Ya danna, hawaye na ɗiga a kan man zafin.

Ce Lang ta sa ruwa, ta duba idon tsohuwar, ta ce wannan ya wuce ta, sai asibitin Battambang. Aka shimfiɗa tabarma a amalanken da babur ke ja. Kuon ya hau ya riƙe sandar gora da jakar ruwa a samanta kamar tuta. Malamin ya zauna da kanta a cinyarsa, buta a hannun dama, gorar ruwan Lok Ta a hagu, zare ɗaya a wuyan hannunta, ɗayan a nasa don ya rasa inda zai sa. Littafin yana can a daɓe inda ya faɗi.

Kwana goma ta yi. Likitoci suka yi nasu, su Kuon kuma suna bi ta bayan labule suna yin nasu. Ranar da aka dawo da ita, ta rame amma bakin na nan, ta zauna a gadon gora ta sha romo, ta dube shi.

"To, wanne ne?"

"Wanne me?"

"Wanda ya tashe ni."

Ya sosa ƙeya. "Ban duba ba."

"Ka ji shi! Shekara goma sha shida kana damun mutane. An ɗauko abu an sa maka a hannu."

"Hannuna a cike yake," in ji shi.

Kuon ya ce ai magana a fili take, tun a hanya ya ga ta motsa bayan kurɓi na biyu. Ce Lang ta ce in ba don ita ba da yanzu ana kwana bakwai. Yay Sim ta ce duk su yi shiru, iska ce, kuma ko da yake an fitar da ita a karkace, an dai fitar.

Bayan wannan malamin ya ci gaba da zama da littafinsa da yamma. Wani lokaci a ga yana gogewa, wani lokaci a ga yana ɗan taɓa takarda da bakin fensir. In Kuon ya leƙo ya ce, "An rubuta?" sai ya ce, "Ana dai dubawa, Bong." Ya yi mura sau ɗaya a tsakani. Bai kafa doka ba. Ya miƙa baya, ya miƙa hannu, ya buɗe baki, ya durƙusa a gindin matakala, ya warke, bai tambayi kowa komai ba.

Shekara biyu bayan ciwon Yay Sim, a tsakiyar rani, ya ci abincin rana, shinkafa da miyar tsami da daddawar kifi, har ya nemi ƙari. Ya ce miyar ta ɗan yi gishiri. Ya hau ragar da yake kwanciya a ciki a ƙarƙashin gida ya rufe fuska da gyale. Da rana ta yi sanyi ta je tashinsa shan shayi, ta tarar ya riga ya tafi.

Kukanta ya tara mutane, kuma kowa ya zo da abin da ya saba zuwa da shi. Kuon ya tsaya da buta tana tururi, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Mutum ya tafi lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Ko kwana biyu bai kwanta an gwada ba. Wannan ai cin amana ne."

"Ko rabin jaka bai bari an sa masa ba," in ji Ce Lang, tana share ido da bayan hannu.

Bayan an yi sadakar kwana bakwai, baƙi sun watse, Yay Sim ta ɗauko littafin. Ba ta karanta Turanci, amma shafin ba ya ɓata, gefensa ya yi baƙi da yatsa. Kuon da Ce Lang suka matso, kowa ya miƙa wuya. Jimlar na nan yadda take, ba a cike ta ba. Sai dai ya goge ta ya sake rubutawa. Ɗige-ɗigen da suke bakwai a da, yanzu sun tashi daga wannan gefen takarda har wancan, sun sauko layi na biyu sun kai rabi, sannan sauran kalmomin suka biyo baya.

"Wuri ya ƙaru," in ji Kuon. "Saiwa za ta shiga har da sunana."

"Ni ina da biro," in ji Ce Lang, ta fara laluben jaka.

Yay Sim ta rufe littafin ta ɗora hannu a kai.

"Ku bar masa," in ji ta. "Bai gama dubawa ba."